Hunturuna na Farko a Balin

Na sauka a Balin, babban birnin Jamus, cikin watan Oktoba, ɗauke da digirin tsara gine-gine daga Zariya da rigar sanyi guda ɗaya, wadda ba a yi mako biyu ba ta gaza. Wata biyu na yi ina kwana a falon wani ɗan Agadas kafin in sami ɗakin haya, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne malamar da ke duba bincikena ta danƙa mini aikin sake gina ɗaki guda na tsohuwar fadar sarakunan birnin a cikin kwamfuta. Ga ni ba ni da makwanci, ga shi an sa ni gina wa sarki ɗaki.

An aza harsashin fadar a 1443, ta ƙone a ruwan bama-bamai na Fabrairun 1945, sannan gwamnatin Jamus ta Gabas ta tarwatsa abin da ya saura da nakiya a 1950. Ginin gidan tarihi na Humboldt Forum da ke wurin yanzu ya maido da fuska uku na waje yadda suke a da, amma cikinsa na zamani ne, saboda haka tsofaffin ɗakunan sai a hoto.

Hotunan da muka dogara da su na cibiyar ɗaukar hoton gine-gine ne da wani Bajamushe, Albrecht Meydenbauer, ya kafa a 1885, an ɗauke su a kan faifan gilashi mai santimita 40 tsawo da faɗi, ta yadda za a iya fitar da awon bango da tsayin ƙofa daga jikinsu. Sai dai baƙi da fari ne. Da na zo kan launin kyallen da ya lulluɓe bangon, sai na zaɓi ja don ya fi kwanta mini a ido, na kai wa malama ina jiran yabo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ina hujjarka?"

Na ji zafin tambayar, domin a gida malami kan fara da "ka yi ƙoƙari" kafin ya yi gyara. Ta sa na ware abin da hoto ya tabbatar, da abin da na kwatanta da Charlottenburg, wata tsohuwar fada da ke birnin, da abin da hasashena ne kawai, kowanne da alamarsa. Daga nan ta tura ni rumbun adana takardu in nemi jerin kayan ɗakin, wanda aka rubuta da tsohon rubutun hannu, alhali Jamusancina a lokacin bai wuce na sayen burodi ba. Kullum ina fitowa ƙarfe huɗu na yamma in tarar duhu ya rufe, in yi magariba da sauri, in koma kan shafi ɗaya da ƙamus.

Bangon nan har yau ruwan toka na bar shi.