Godiya bayan dawowata daga dajin Taman Negara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi, na dawo Kuala Lumpur, kumburin ƙafata ya fara sauka. Tunda labarin raunin da na ji a dajin Taman Negara na ƙasar Malaysia ya riga ya isa gida Kano, ya kamata in fito fili in gode wa waɗanda suka tsaya mini.

Daga Kuala Tembeling muka shiga kwale-kwale, kusan awa 3 a kan kogin Tembeling kafin mu isa Kuala Tahan, ƙofar wannan daji da ake cewa ya kai shekara miliyan 130. Ni da na tashi inda kuka da tsamiya ne manyan itatuwa, na tsaya a gindin bishiyar tualang ina ta tasbihi. Da rana tsaka, cikin dajin kamar magariba. Mun bi gadar igiya da ke rataye kusan mita 40 a sama, muka hau tudun Teresek. A saukowa ruwa ya kece, na taka saiwa mai santsi, na yi mummunan targaɗe.

Jagoranmu, dattijon da muke kira Pak Cik, wato kawu a yarensu, bai bar ni na tsorata ba. Ya ɗaure ƙafar da rawaninsa, ya cire mini matsattsaku daga ƙwauri, ya yanko mini sanda. Da ya ga ba zan iya takawa ba, sai ya kira wasu samari biyu 'yan ƙabilar Batek, mutanen da kakanninsu suka rayu a dajin nan. Su suka goya ni bi da bi cikin taɓo har bakin kogi. Ba na jin yarensu, ba sa jin nawa, kuma har yau in na tuna su sai ƙwalla ta cika mini ido. Allah ya saka musu da alheri.

Na gode wa mai kwale-kwalen da ya tsallakar da mu da duhu, da uwar da ta ba ni shayi mai zafi da wurin sallah, da ma'aikatan jinya a garin Jerantut da suka ɗauki hoton ƙafar. Abokan karatuna da suka kwana a kaina, Allah ya bar zumunci.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Likita ya ce targaɗe ne, ba karaya ba. Addu'arki nake nema.