Adakar Kawu da ƙungiyar garinmu

Asabar. Yau na je Wurno duba Kawu, ƙafar nan tasa ta sake kumbura. Niyyata in juyo Sakkwato kafin la'asar, amma har magariba ina zaune a zaurensa, duk a kan tambaya ɗaya da na yi masa: wai yaushe aka kafa ƙungiyar ƙwallonmu?

Maimakon amsa, sai ya sa jikansa ya jawo wata tsohuwar adaka. A ciki akwai usur da ya yi tsatsa, da koriyar jesi wadda ta koɗe har ta kusa komawa fara, lambar bayanta tela ne ya yanka ƙyalle ya ɗinka. Can ƙasa kuma littafin karo-karo, gara ta ci gefensa.

"Ɗana, wanga littafi ya girme ka," in ji shi.

Ya ce abin ya samo asali ne ranar da Green Eagles, ƙungiyar ƙwallon Najeriya, suka ci Aljeriya 3-0 a Legas, a wasan ƙarshe na kofin Afirka, a 1980. A rediyo suka saurara, sun yi cincirindo a teburin mai shayi. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ƙara ɗaya, kuma Shehu Shagari, ɗan ƙasar Sakkwato, shi ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin. Kafin a kwana bakwai sun haɗa kuɗin tamaula. Na ga sunayen da idona, kowa da kwabban da ya bayar a gaban sunansa, har da wani da aka rubuta masa kwandon albasa don ba shi da kuɗi.

Yawancinsu 'yan fadama ne. In lokacin cirar albasa da tafarnuwa ya zo, atisaye ya tsaya ke nan. Ba su taɓa shiga gasar ƙasa ba, kuɗin rajista da na mota sun fi ƙarfinsu. Sau ɗaya suka taka filin wasa na Giginya da ke Sakkwato, a bayan a-kori-kura suka je, aka ci su, amma Kawu yana ba da labarin ciyawar filin kamar jiya ya taka ta.

Ambaliyar 2010 ce ta karya su. Ruwa ya kwanta a fili, ya tafi da turakun raga, kowa ya koma ta gonarsa. Da aka farfaɗo, samari sun riga sun koma gidan kallo, Arsenal da Chelsea ake musu a kai. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin ni ma ina cikinsu.

Na fara ɗaukar hoton shafukan da waya, sai ya ce in riƙa karanta masa sunayen da ƙarfi, idonsa ba ya gani sosai. Ina karantawa yana cewa "Allah ya jiƙansa," wani lokaci kuma "wanga yana Illela, yana nan da rai." Muna shafi na huɗu aka kira salla. Na bar littafin a hannunsa, na ce masa in Allah ya kai mu Asabar zan dawo mu ƙarasa.