Farautar Akwati a Tudun Dartmoor

Ranar Asabar ɗiyata ta ja ni zuwa Princetown, wani ɗan gari a saman tudun Dartmoor a Ingila, wai mu je farautar akwati. Na ce, "Ke, da girmana zan riƙa leƙen ƙarƙashin duwatsu?" Haka dai na bi ta.

Wasan ya daɗe. A 1854 wani ɗan jagora, James Perrott, ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, wata fadama a cikin tudun, don matafiya su bar katinsu. Yanzu 'yar roba ake ɓoyewa, da hatimi da ɗan littafi a ciki. Ka buga hatiminta a littafinka, ka buga naka a nata, ka mayar da ita inda ka same ta.

Muka wuce kurkukun da aka buɗe a 1809 don fursunonin yaƙi Faransawa, muka hau dutsen North Hessary Tor. Hazo ya rufe mu, ƙafata ta nutse a taɓo har idon sawu. Ɗiyata ce ta zura hannu cikin tsagin dutse ta zaro robar, tana tsalle. Hoton doki ne a hatimin, irin gajerun nan masu kiwo a wurin. Takardarmu ta jiƙe, sai dokin ya fito kamar akuya.