Tukunyar Ƙasa Mai Lantarki: Abin da Na Koya a Ɗakin Girkina a Katsina

Tukunyar ƙasa mai aiki da lantarki kashi biyu ce. Akwai gidan waje na ƙarfe ko roba, wanda yake ɗauke da farantin da ke yin zafi da madannai da agogo, sannan akwai tukunyar yumɓu da ake zurawa a ciki tare da murfinta. Tawa mai cin lita 4 ce, yayata ce ta sayo mini ita a Kano saboda ta ga yadda nake fama da haɗa koyarwa da girkin rana, kuma tun daga lokacin take kan teburina a nan Ƙofar Ƙaura. Babban abin da na gano a zaman da na yi da ita shi ne, wayar wuta da madannai ba su canza halin yumɓu ba. Duk wadda ta riƙe ta kamar tukunyar dalma ko ta silba, za ta rasa ta da wuri, wadda kuwa ta bi ta da irin lallaɓawar da iyayenmu suke yi wa tukunyar ƙasa, za ta daɗe tana morarta.

Yawancin irin waɗannan tukwane daga ƙasar Sin ake kawo su, kuma da dama daga cikinsu ana tallata su da sunan yumɓun garin Yixing na lardin Jiangsu, wanda ya yi suna a duniya wajen butocin shayi. Ana gasa wannan yumɓu a zafin da ya haura digiri 1,000, ya fi ƙarfin zafin da maginanmu suke samu idan sun toya tukwane da kara da kashin shanu a fili, shi ya sa jikinta ya fi tauri da santsi. Sai dai ba duk abin da aka rubuta a kwali ne gaskiya ba. A shekarar 2010 gidan talabijin na gwamnatin Sin ya bankaɗo cewa wasu kamfanoni suna yin tukwanen da yumɓu na gama-gari, su zuba masa sinadaran launi, su sayar da sunan na Yixing. Saboda haka ina ba mai saye shawara ya buɗe kwalin a gaban mai shago, ya goga cikin tukunyar da farin tsumma mai danshi ya ga ko launi zai fita, ya kuma ƙwanƙwasa ta da yatsa ya saurari ƙararta. Abu na biyu da ya wajaba a duba shi ne rubutun da ke ƙarƙashin gidan. Wutarmu ta Nijeriya tana tsakanin bolt 220 zuwa 240 ne, ta Amurka kuwa 120 ce, kuma wata maƙwabciyata da aka aiko mata irin tukunyar daga can ta jona ta a soket kai tsaye, nan take hayaƙi ya tashi, ba ta ko ɗanɗana girkinta ba.

Ranar da za a fara amfani da tawa, mahaifiyata tana gidan. Takardar da ta zo da ita ta ce a fara dafa ruwan shinkafa mai kauri a ciki kafin a dafa komai, kuma da na karanta mata sai ta ce, “Ai wannan ba sabon abu ba ne, ɗiyata. Mu ƙasari muke dafawa cikin sabuwar tukunya kafin ta ga miya, in ba haka ba mi za ya toshe mata ƙofofi?” Maganarta daidai take da abin da ke faruwa, domin yumɓun da ba a shafe shi da gilashi ba yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma sitacin da ke cikin hatsi shi ne yake shiga ya cike su, ya rage tsotsar ruwa da mai. Na jiƙa tukunyar da murfinta a ruwa na kusan rabin awa, na goge bayanta ƙaraf, na zuba gwangwani ɗaya na shinkafa da ruwan da ya kai kashi biyu cikin uku na tukunyar, na bar ta ta dahu har ta zama talge, sannan na kashe na bar ta ta huce da kanta kafin na zubar na ɗauraye.

Abin da yake kashe tukunyar nan guda ɗaya ne, wato sauyin zafi na farat ɗaya. Yumɓu ba ya watsa zafi da sauri kamar ƙarfe, don haka idan wani ɓangare ya yi sanyi ya tsuke alhali na kusa da shi yana da zafi a buɗe, sai jikin ya ja kansa ya tsage. Wannan ya sa na kafa wa kaina da ’ya’yana wasu ƙa’idoji da ba a ƙetarewa. Ba a ƙara ruwan sanyi a cikin miyar da take tafasa. Idan ruwa ya ƙone, daga fulas ko buta mai zafi ake ƙarawa. Ba a ciro nama daga firji da ƙanƙararsa a jefa a tukunya mai zafi. Ba a sauke ta a dire a kan siminti ko tayil, sai a kan faifai ko katako ko tsumma mai kauri. Ba a kunna ta babu komai a ciki, kuma ba a ɗora ta a kan gas ko murhun gawayi, domin irin tawa an yi ta ne don zafin da ke hawa a hankali, ba don harshen wuta ba.

A lokacin hunturu ne wannan magana ta fi muhimmanci. Duk wanda ya san Katsina a watan Disamba da Janairu ya san yadda ruwan randa yake kwana ya yi sanyi har hannu ya ƙage, kuma tukunyar da ta kwana a ɗakin girki ita ma jikinta yana ɗaukar wannan sanyi. Idan zan yi girkin safe a irin wannan lokaci, nakan fara zuba mata ruwa mai ɗumi-ɗumi in juya shi ya zagaye cikinta, in bar shi na ɗan lokaci, sannan in zubar in sa kayan girki. Nakan kuma tabbatar bayanta a bushe yake kafin in zura ta a gidanta, saboda ɗigon ruwa tsakanin yumɓu da farantin zafi yana iya jawo tsagewa, yana kuma lalata ɗan maɓallin da ke tsakiyar farantin, wanda shi ne yake auna zafi ya faɗa wa na’urar lokacin da za ta rage wuta.

Wajen girki kuwa, ƙarfinta yana ga abincin da yake son doguwar dahuwa a kan wuta kaɗan. Farfesun ƙafar saniya da na kayan ciki da ganda, waɗanda a da nake tsayawa a kansu ina ƙara ruwa ina duba gas, yanzu nakan haɗa su da safe in dawo daga makaranta in tarar nama yana saɓulewa daga ƙashi, romon ya yi kauri yana kama leɓe, ƙamshin citta da masoro da kanumfari ya ratsa ko’ina. Wake yana nuna luguf ba tare da na sa kanwa mai yawa ba, kuma ƙwayarsa ba ta farfashewa. Miyar taushe tana yin daɗi ƙwarai, domin kabewa tana narkewa a hankali ta haɗe da gyaɗa ba tare da ta kama a gindi ta yi ƙauri ba. Saboda murfin yana riƙe tururi, ruwan da nake sawa bai kai wanda nake sawa a tukunyar ƙarfe ba, kuma ba na cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, musamman ga wake da kunu masu kumfa.

Akwai kuma abin da ba nata ba ne, kuma ban ga amfanin tilasta mata ba. Ba na suya a cikinta. Albasa da tumatir da attaruhu nakan soya su a kasko a kan gas, in bari su ɗan sha iska, sannan in juye. Ba na tuƙa tuwo a ciki, domin muciya tana buƙatar a danna da ƙarfi, ƙarfin da jikin yumɓu ba zai jure ba. Idan tuwon shinkafa zan yi, nakan dafa shinkafar a ciki har ta yi laushi, in kwashe zuwa tukunyar dalma in tuƙa. Miyar kuka da ta kuɓewa ma romon kawai nake dafawa a nan, kaɗin a waje nake yi. Kuma gidan da ake dafa tiya guda ko fiye a rana, wannan tukunya ba za ta ɗauke masa babban girki ba, sai dai ta zama ta miya ko ta farfesu.

Sai batun wuta, wanda takardar masu ƙera ta ba ta yi tanadinsa ba. Tawa tana jan wat 500 idan tana kan cikakken zafi, wato awa 2 tana cin yunit ɗaya a mita, kuma idan ta koma ɓararraka a hankali abin da take ja yana raguwa sosai. Ƙaramin janareta yana iya ɗaukarta idan ba a haɗa da dutsen guga ko hita ba, kuma masu sola gara su yi girkin da rana tsaka lokacin da faifan yake samun hasken rana, maimakon su tatse batir da dare. Abin da ya fi ba ni wahalar ganewa shi ne raunin wuta. Zafin da farantin yake bayarwa yana faɗuwa fiye da yadda ƙarfin wutar yake faɗuwa, ta yadda idan wuta ta sauko daga bolt 230 zuwa 180, zafin da ake samu kusan kashi 61 cikin 100 ne kawai. Agogon na’urar zai ƙare lissafinsa ya yi ƙara, amma wake yana nan da gardinsa. Tun da na haɗa ta da sitabilaiza wannan matsala ta kau, kuma allon madannan ya samu kariya daga wutar da ake dawowa da ita da ƙarfi.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar girki, a nan yumɓu yake nuna alherinsa, domin yana riƙe zafi na dogon lokaci. Nakan zare filogi, in bar murfin a rufe, in lulluɓe saman da tawul mai kauri, kuma sau da yawa shinkafa ko wake sukan ƙarasa nuna a haka. Amma tawa ba ta ci gaba daga inda ta tsaya idan wuta ta dawo, sai an sake danna mata, don haka idan zan fita nakan bar sallahu ga wanda yake gida. Ina kuma yin hattara da maɓallin jinkirta girki, wanda yake da daɗin amfani a watan azumi idan ana son a tashi sahur a tarar da abinci da zafinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri a abinci tsakanin digiri 5 da 60, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba zafi ba sanyi. A zafin Katsina na watan Afrilu, da yakan kai digiri 40, barin ɗanyen nama ko kifi a tukunya yana jiran agogo har tsakar dare kasada ce da lafiyar iyali. Shinkafa da wake da alkama kaɗai nake jinkirtawa, nama kuwa a take nake dafa shi.

Wani amfani da ban zata ba shi ne kindirmo. Tukunyar tana da matakin ɗumi kaɗan, kusan digiri 40 zuwa 45, wanda shi ne zafin da madara take buƙata ta kama. Nakan tafasa madarar, in bari ta huce har yatsa ya iya jurewa, in zuba cokali biyu na tsohon kindirmo, in rufe na awa 6 zuwa 8. A lokacin hunturu, da nono yake ƙin yin barci a ƙwarya, wannan ya sauƙaƙa mini damun fura. Sai dai yumɓu yana riƙe ƙamshi, kuma tukunyar da ta sha daddawa da man ja ba za ta ba da kindirmo mai tsabtar ɗanɗano ba, shi ya sa na nemi tukunyar ciki ta biyu na keɓe ta don madara da kunun gyaɗa.

Wanki ba ya farawa sai tukunyar ta huce sarai. Nakan jiƙa ta da ruwan ɗumi har ƙanzon ya saki da kansa, in wanke da soso mai laushi, ba na kusantar da soson ƙarfe ko wuƙa. Garin sabulu mai ƙamshi ba ya shiga cikinta, domin ƙofofin suna tsotse shi su mayar da shi cikin miyar gobe; idan maiƙo ya yi yawa, ɗigon sabulun ruwa ya isa, a ɗauraye nan da nan. Idan ƙarnin kifi ya kama ta, nakan tafasa ruwa da ɓawon lemon tsami a ciki. Bayan wanki nakan kife ta a inda iska take ratsawa har ta bushe ciki da waje, kuma ba na ajiye ta da murfi a rufe, musamman a watan Agusta da danshi yake sa fumfuna ta fito. Gidan wajen kuwa ba ya taɓa ruwa, tsumma mai ɗan danshi nake goge shi da shi bayan na zare filogi, in share ƙurar hunturu da ƙwayar shinkafar da ta faɗa kan farantin, in kuma lulluɓe shi saboda kyankyasai suna son ɗumin cikinsa kuma suna lalata wayoyi.

Lokaci-lokaci nakan ɗaga tukunyar a bushe in ƙwanƙwasa ta, kamar yadda mata suke gwada randa a kasuwa kafin su biya. Mai lafiya ƙararta a sake take, mai tsaga kuwa ƙarar a dushe take fita. Siririyar tsaga irin ta gashi wani lokaci talgen shinkafa yana toshe ta, amma idan aka cika ta da ruwa aka ajiye a kan takarda aka ga danshi a ƙasa, to aikinta a kan lantarki ya ƙare, domin ruwan zai sauka kan farantin wuta. Tukunyar ciki ba ta samuwa cikin sauƙi a shagunan Katsina, kuma ta wani kamfani ba ta zama daidai a gidan wani, saboda haka duk mai niyyar saye ya tambayi mai shago tun farko ko yana kawo ta ciki daban, in da hali ma ya haɗa biyu a ranar da ya sayi na’urar.