Abin da boris ɗin wata tsohuwar Beetle ya koya min kafin in bar gareji

Tunda dai yanzu na tattara sifanonina na bar wajen, bari in faɗi maganar nan da ta daɗe tana cina, waɗanda muka yi zama tare a garejin sun san motar kuma sun san wanda nake nufi, ba sai na kama suna ba.

Motar Volkswagen Beetle ce, irin waɗanda aka fara haɗawa a Legas a 1975, ta wani dattijo tsohon malamin makaranta da muke ce wa Baba, yana ji da ita sosai, ko ƙura bai yarda ta kwana a jikinta ba. Matsalarta ɗaya, boris ɗin tayar gaba ta hagu, wato ƙarfen nan mai 'ya'ya da taya ke juyawa a kansa. A sa sabo, ta yi 'yan makonni lafiya lau, sai gurnani ya dawo, ka taɓa tsakiyar wilin bayan tafiya ka ji zafi kamar ka ƙone. Kuma abin da ya kamata ya tsayar da kowa tun farko shi ne Beetle injinta a baya yake, gabanta ba nauyi, boris ɗin gaba ba ya ɗaukar wani kaya da zai sa ya riƙa mutuwa haka, ga na dama yana nan ba wanda ya tuna ranar da aka sa shi. Hanya ɗaya suke bi, giris ɗaya ake sa musu, to me ya sa na hagu kaɗai?

Oga bai taɓa yin wannan tambayar ba. Shi duk ranar da motar ta dawo zai ɗaga ta a jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ya ji tana ƙwas-ƙwas, ya ce ba a ɗaure noti da kyau ba, wa ya ɗaure? Ni. A canza boris, wannan karon shi da kansa zai ɗaure, ya sa ƙarfinsa duka har sai motsin ya ɓace. Ta tafi ta dawo. Da abin ya ishi Baba ya fara faɗa, sai Oga ya juyo kaina a gaban mutumin da yara duka ya ce ai shi ya gano, ni ake aike sayen boris, na jabu nake sayowa ina soke canjin. Wallahi har yau in na tuna kalmar nan sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. A ce ban iya aiki ba wannan mai sauƙi ne, koyo na zo yi. Amma sata, a gaban dattijon da yake kiran sunana yana sa min albarka duk zuwansa. Kuma bai tsaya nan ba, kuɗin sabon boris daga ɗan abin da yake ba ni ya cire.

Na ce masa Oga don Allah a bari in duba durum ɗin birki, inda boris ke zama, kafin a sa wani, ya ce kai yaushe ka zo da za ka koya min Beetle, tun ba a haife ka ba nake kwance ta.

Abin da na yi shi ne na bi tarin shara na tsince tsofaffin boris ɗin da muka ciccire, na wanke su da fetur na jera su a rana. Duk wani mai koyo da zai karanta wannan, nan ne wajen da nake so ya tsaya, don mu a gareji mun saba a cire a jefar, alhali mataccen boris yana faɗa maka abin da ya kashe shi. In ka ga ƙarfen ya koma shuɗi ko ruwan ƙasa, zafi ne, ko an matse shi da yawa ko giris ya ƙare. In ka ga tsatsa da 'yan ramuka, giris ɗin kuma ya yi fari-fari, ruwa ne ya shiga. In ka ga sawun ci ya karkace gefe ɗaya, a karkace aka buga shi. Nawa duk sun yi shuɗi, wannan ban yi mamaki ba tunda na ga irin ɗaurin da ake musu. Abin da ya tsayar da ni shi ne zoben da ke zagaye da boris, wanda ake bugawa cikin durum ya zauna daram. Bayansa ya kamata ya zama dishi-dishi don ba ya motsi, amma waɗannan bayansu na sheƙi sumul, ga layi-layi sun zagaye shi. Wato zoben juyawa yake yi a cikin durum.

A Beetle mai birkin durum a gaba, durum ɗin shi ne gidan boris gaba ɗaya, a jikinsa zobban biyu suke zama, na ciki babba na waje ƙarami. Da yamma bayan Oga ya tafi na cire shi, na goge giris, na sa yatsa kawai na tura zoben ciki ya faɗo, abin da ya kamata sai da guduma da ƙarfen bugu. Na haska cikin ramin sai ga sawun kan ƙusa an bi an tsattsaga shi zagaye, irin dabarar nan da ake yi in rami ya buɗe, a bubbuga shi ya yi ƙuraje don ya kama zobe. Yana kamawa ɗin, na ɗan lokaci, in mota ta sha hanya ƙurajen su kwanta ramin ya ƙara faɗi fiye da da. Kuma a garejin nan mutum ɗaya ne yake wannan aikin, kowa ya sani.

Daga nan lissafin ya fito min sarai. Motsin da Oga yake ji in ya girgiza taya ba daga noti yake ba, zobe ne yake rawa a durum. Shi kuma sai ya yi ta matse noti don ya kashe motsin, boris irin mai gangaren nan kuwa ba ya son matsi, littafin motar ma ɗan sarari ya ce a bari, tsakanin milimita 0.03 zuwa 0.12. Yadda ake yi, ka ɗaure kana juya taya don ya zauna, sannan ka sassauta har sai washan da ke bayan noti ya iya ɗan gusawa in ka tura shi da sukundireba, sannan ka ɗaure ɗan sukurun da ke riƙe notin. In ka wuce haka giris zai narke ya gudu, ƙarfe ya ci ƙarfe, ko da na kamfanin asali ka sayo mutuwa zai yi. Kenan ko wane irin boris na sayo, ba shi da ranar tsira a wannan durum ɗin.

Na duba sandar da boris ke hawa ma, na bi ƙasanta da farce ko zan ji gargada, don in ta cinye ita ma haka za a yi ta fama, Allah ya taimaka lafiyarta ƙalau. Sai dai na ga robar da ke toshe inda wayar mitar gudu take shiga ta ruɓe, a Beetle ta cikin sandar hagu wayar take bi ta fito ta murfin giris, in robar ta lalace ruwan damina ta nan yake samun hanya. Ba shi ne babban dalili ba amma na canza ta.

Da safe na ajiye durum da zoben a gaban Oga ban ce komai ba, na tura zoben da yatsa ya faɗo. Ya yi shiru, can ya ce in je kasuwar Ƙofar Ruwa in nemo durum na hannu mai kyau. Na je da sabon zobe a aljihu ina gwadawa ɗaya bayan ɗaya har na samu wanda zoben ya ƙi shiga da hannu. Aka haɗa, ni na ɗaure notin yadda na san ya dace. Da Baba ya zo ɗaukar mota ina tsaye a wajen Oga ya ce masa Baba ai na zauna na yi nazari na gano durum ne. Ba a dawo da maganar jabu ba, ba a ce a yi haƙuri ba, kuɗina ma ba a mayar ba. Motar dai har na bar wajen ba ta sake dawowa a kan wannan tayar ba, Baba kuma daga baya in ya zo canjin mai ni yake nema da suna, ina jin ya fahimci abin da ya fahimta.

Sauran abubuwan da na kwasa ƙanana ne. Notin hagu na Beetle zarensa a juye yake, na ga wanda ya kusa lalata sanda yana zaton kwancewa yake. Kada ka sa sabon boris a kan tsohon zobe don ƙyuya. Kada ka bar mai walda ya maƙala wayar ƙasa a jikin wili, wuta ta cikin boris za ta bi ta ƙona shi. In an aike ka sayen kaya ka karɓi rasit ka riƙe kwalin, ko da ogan naka kamar uba yake a wajenka.

Na yafe kuɗin, kalmar ce dai ban iya yafewa ba tukuna, ina roƙon Allah ya sassauta min. A 'yar rumfar da na kama yanzu na riga na gaya wa yaron da ke tare da ni, duk abin da muka cire daga mota ba a jefar da shi sai mun wanke mun duba tare, kuma in durum ya buɗe mai mota zai sayi wani ko ya kai ta wani wajen, ni ba zan buga masa ƙusa ba.