Gonar masakwa na saya, na gina gidan haya a kai

Har yau in na tsallaka gadar Shagwa na nufi unguwar Waliya, sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Duk wanda ya ji na yi asara a harkar fili a Njamena, tambayarsa ta farko ita ce ko an sayar wa mutum biyu ne, don ita ce cutar da aka sani. Ni takarduna lafiya lau suke. Na bi bulama, na bi shaidu, na yi zaryar ofis fiye da shekara har 'yan awo suka zo suka kafa duwatsun iyaka. Abin da ya ci ni tifa talatin ne na ƙasar ciko da na ƙi saya.

A watan Maris na 2018 na sayi filin, can wajen Tukra, a kan sefa miliyan biyu da rabi. Shekara goma sha ɗaya ina haya a Ridina, ina sayar da atamfa a babbar kasuwa, ina kallon yadda garin ke gudu yana barina. Tun da aka fara fitar da man fetur na Doba a 2003 kuɗin fili a cikin gari ya fi ƙarfin ɗan tireda irina. Ƙidayar 2009 ta samu mutanen garin sun kusa miliyan ɗaya, kuma kullum ƙaruwa ake yi, sai gari ya fantsama ta Gasi, ta Lamaji, ya tsallaka kogin Shari ya bi hanyar Kundul. Da kuɗin mai ya faɗi a 2014, aka zo aka yanke wa ma'aikata alawus, masu fili da yawa suka matsu, farashin bayan gari ya ɗan lafa. Na ce wannan ce damata. Ga jami'a an kai Tukra, ɗalibai za su nemi ɗaki. Lissafin bai da laifi, har yanzu ina kan bakana.

Dillalin ya ɗauke ni a klando, wato babur ɗin haya, da rana tsaka. Alhaji yake kirana, alhali ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Fili shimfiɗe kamar tabarma, baƙar ƙasa ta tsattsage har kana iya zura hannu a cikin tsagar. Na ga guntayen kara a tsaye, na ga ɓawon katantanwa farare birjik, na sa ƙafa na shure ɗaya. Na tambaya me ake nomawa a nan, ya ce berbere, wato masakwa. Ni da kakana manomi ne! Yaro ma ya san masakwa sai inda ruwa ya kwanta ya janye ake dasa ta. Amma a ranar kunnena na kan farashi ne, don an ce wani ma'aikacin kwastan zai kawo kuɗi jibi.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya je ya gani bayan na biya. Ya daɗe yana kallon katangar maƙwabci, sannan ya ce, "Ɗana, ka ga matakala nawa mutumin nan ya yi wa ƙofarsa?" Na ƙirga, huɗu. Ya ce, "To ba ado ya yi ba."

Magini ma ya faɗa. Ya ce a ɗaga harsashi ya kai ƙugu, a cika ciki da ƙasa, tifa talatin ko fiye. Na buga lissafi na ga kuɗin ya kai na ɗaki biyu. Wanda bai yi gini a Njamena ba ba zai gane zafin wannan ba. Garin ba shi da dutse, tsakuwa daga nesa ake ɗauko ta, rodi da kwano da katako yawanci ta gadar Ngeli suke shigowa daga Kusuri bayan sun sha hanya tun daga Duwala, siminti kuwa ko da aka buɗe masana'anta a ƙasar, ban taɓa sayen buhu na ji daɗi ba. Banki ba ya kallon irinmu, da ribar kasuwa da adashin uwargida muke aza bulo, in kuɗi ya ƙare a tsaya. Sai na ce wa magini ya ɗaga layi uku kawai. Ya ce, "Malam, gidanka ne," ya ci gaba da aikinsa.

Abin da ya ƙara rufe mini ido shi ne na je a watan Agusta na 2019, tsakiyar damina, na samu 'yan kududdufai kawai. Na dawo ina yi wa Kawu dariya a zuci. Ban san ruwan Njamena iri biyu ne ba. Akwai na sama, wanda ke cika kududdufan unguwa ya hana mota wucewa a Yuli da Agusta. Akwai kuma na kogi, wanda Shari ke kwasowa daga Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi, Logon kuma daga tsaunukan Adamawa, shi sai damina ta ɗauke yake isowa, a Oktoba zuwa Nuwamba. Waliya da Tukra kuwa a tsakanin kogunan biyu suke zaune. An haife ni a garin nan, amma a tsallaken arewa, ban taɓa zama na yi wannan tunanin ba.

Na gama ciki da falo biyu da ɗaki huɗu na gwauraye a farkon 2022. Wata bakwai na karɓi haya. A Oktoba, sararin sama tas babu ko gajimare, ɗaya daga cikin ɗaliban ya kira ni da asuba ya ce, "Baba, ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa." Na ce ya toshe da buhun yashi, ina zuwa. Kafin la'asar, da kwalekwale na isa gidana. Na biya mai jirgi jaka biyu ya kai ni ƙofar da na saya da kuɗina. Katifu suna yawo a tsakar gida, masai ya cika ya dawo da abin da ke cikinsa, wata mata mai goyo tana tsaye a kan tebur riƙe da tukunyar gas. Kogin Shari ya haura mita 8 a shekarar, ranar 19 ga Oktoba shugaba Mahamat Idriss Déby ya ayyana dokar ta-ɓaci saboda ambaliyar, dubban mutane suka koma tantuna. Gidan mai matakala huɗu kuwa ruwa ya tsaya a ta uku. Na gan shi zaune a bakin ƙofa yana alwala.

Sama da wata ɗaya ruwa na kwance. Da ya janye, baƙar ƙasar nan da ta sha ta kumbura ta sake bushewa, bangon gabas ya tsage daga sama har ƙasa, katanga ta kwanta. Na mayar wa mutane kuɗin ajiyarsu, na ranci na gyara a hannun Kawu. Bai ce mini komai ba, da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. A ƙarshe na sayi ƙasar cikon nan dai, tifa arba'in da biyu, a farashin bayan ambaliya da kowa ke nema, aka fasa daɓe aka ɗaga, aka yanke ƙofofi. Yanzu mai tsayi in ya shiga ɗakunan yana taɓa silin da hannu. Da ruwa ya dawo a 2024 ya kewaye unguwar, bai shiga ɗaki ba, amma 'yan haya uku sun kwashe kayansu tun kafin ya iso, ban kuma ga laifinsu ba.

Kasuwar ma ta canza a idona. Da, mai neman ɗaki wuta da famfo yake tambaya. Yanzu kafin gaisuwa ta ƙare zai ce, "Ruwa yana zuwa nan?" sannan ya zagaya bayan gida yana neman layin da ruwa ya bari a bango, don ya san masu gida suna shafe na gaba da fenti. Tudu ya yi tsada, kwari ya zauna. Fili biyu a layi ɗaya, girmansu ɗaya, sai ka ji tazarar kuɗinsu kamar ba unguwa ɗaya ba. A tsallaken arewa masu gida sun ƙara haya a lokacin da mutane suka tsallako neman mafaka, kuma ban ga wanda ya rage ba. Duk da haka gini bai tsaya a Tukra ba, don mai miliyan biyu ba shi da wani wajen zuwa. Ƙanena da ya zo shawara bara, na hana shi biya sai da muka je sau biyu, Agusta da ƙarshen Oktoba, muka zauna wurin mai shayi muka tambayi tsofaffin wurin abin da ake shukawa a da. Kuɗin ciko kuma na sa ya haɗa shi cikin kuɗin fili tun kafin ya ce yana so.

Makon jiya dillalin nan ya kira ni, wai akwai wani fili mai kyau ta wajen Gasi, Alhaji kada ya wuce ka. Na ce zan zo in gani a Oktoba. Ya ce kafin nan an sayar. Na ce Allah ya ba mai rabo, ni har yanzu Kawu yana bina jaka ɗari huɗu.