Inda na kai da ɗinkin kayan ciki daga tsofaffin riguna

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon ɗinki, ga inda aka kwana a aikin da na sa a gaba, wato ɗinka kayan ciki daga tsofaffin rigunan tishat waɗanda wuya ko hammata ya mutu amma jikin yadin na nan da ƙwarinsa. Kamfai dai alhamdulillahi hannu ya faɗa, ana sawa ana wankewa ɗinki bai saki ba, rigar mama ce har yanzu muke fama da ita.

Abin da ya sa na fara da kayan ciki shi ne su ne ba su da mai gado. Riga in kin gaji da ita kya iya ba ƙanwarki ko ta shiga gwanjo, amma kamfai da roba ta saki sai bola, kuma yawancinsu auduga ce ko nailan aka saƙa tare da zaren nan mai talewa da ake kira Lycra, raba su don a sake sarrafa yadin abu ne mai wuya ƙwarai, shi ya sa kusan duk inda suka je ƙarshensu juji ne ko wuta.

To ga abin da na gano a kan keke. Kafin ki sa almakashi ja yadin ta faɗi ki ja shi ta tsawo, ɓangaren da ya fi talewa shi ne zai zagaye ƙugu, in kika yanka akasin haka ko ya shiga ba za ki sake a ciki ba. Allura kuma ki nemi ta yadi mai talewa, za ki ga an rubuta Jersey a kwalinta, bakinta a ɗan mulmule yake tana bi ta tsakanin saƙar maimakon ta huda zaren, ta yau da kullum tana tsallake ɗinki kuma tana barin 'yan ramuka da suke faɗaɗa bayan wanki. Ɗinki miƙaƙƙe ba ya yi a nan, da an ja zai tsinke, zigizag ake yi, kuma ba sai kina da keken wibin, wato mai kama bakin yadi, ba don irin wannan yadin bakinsa ba ya zarewa, naɗewa kawai yake yi.

Roba ita ce aikin gaba ɗaya wallahi. Ina yanka ta ta gaza bakin ƙugun da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ya danganta da ƙarfinta, sai in raba robar gida huɗu in sa alama da alli, in raba bakin yadin shi ma gida huɗu, in haɗa alama da alama, sannan a lokacin ɗinki robar kaɗai nake ja, yadin a bar shi yadda yake, don in aka ja su tare baki zai fito yana lanƙwashe-lanƙwashe. Ta cinya kuma kar a matse ta kamar ta ƙugu, tana shata a jiki. Ƙyallen tsakiya ninki biyu nake yi, na cikin auduga zalla sabida iska da tsotse gumi, wannan kam ba na sassauci a kai ko da sauran jikin haɗi ne.

Tunda na fara zama ina jan robar nan a hankali a hankali kallon da nake wa kayan kanti ya canza. Har yau kusan duk tufar da muke sawa mutum ne ya zauna gaban keke ya tura ta da hannunsa, mafi yawansu mata, to in kika ga kamfai ana sayar da shi kamar kyauta ki san an tauye wani a hanya. A ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka a Bangaladash, mutum sama da 1,100 suka rasu, akasarinsu maɗinka kayan manyan kamfanonin Turai da Amurka, kuma kwana ɗaya kafin nan an ga tsagewa a bangon amma aka ce su koma bakin aiki. Ni wannan ya tsaya min a rai fiye da komai. Ita ma audugar ba banza take zuwa ba, ban ruwan gonakinta tun shekarun 1960 ne ya janye kogunan da ke shayar da Tekun Aral da ke tsakiyar Asiya har mafi yawansa ya ƙafe, shi ya sa ko guntun ƙyalle ba na yarwa yanzu, daga riga babba guda ina fitar da kamfai biyu, hannayen kuma su zama ƙyallen tsakiya.

Ba wai na daina saye ba ne fa, roba sabuwa nake saye don tsohuwa ta riga ta mutu. In zan sayi yadi ina duba tambarin GOTS, shi ya shafi yadda aka noma audugar da yanayin ma'aikata, OEKO-TEX kuma gwajin sinadarai masu cutarwa ne a jikin yadin, ba ɗaya suke ba, kar kalmar "mai kare muhalli" kawai a jikin leda ta ruɗe ku. Wanki kuma da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, ban da bilic ban da dutsen guga, zafi ne ke kashe roba da wuri.

Rigar mama na fara da marar waya. Na farke wata tsohuwa da ta yi min daidai na shimfiɗa gutsattsarinta a takarda na zana, na cire ƙugiyoyin baya da 'yan zobban igiyar kafaɗa na ajiye don su ba sa lalacewa. Abin da nake kai yanzu shi ne ɗamarar ƙasa, ita ce ke ɗaukar yawancin nauyi ba igiyar kafaɗa ba, kuma yadin tishat shi kaɗai ya cika talewa, don haka zan gwada ninka shi biyu in juya na cikin ta ɗaya ɓangaren in sa roba mai faɗi a ƙasa. Duk wadda ta riga ta gwada hakan don Allah ta faɗa min faɗin robar da ta yi amfani da shi kafin in yanka.